Gayyata Biyu a Wayar Khaula

Kwana ashirin da uku ke nan rabon Khaula da jin muryar Usaini.

Ba ta saɓa alkawarin da ta yi wa Abba ba. Ba ta kira shi ba, ba ta tura masa saƙo ba. Ranar da Abba ya zaunar da ita a falonsa ya ce a jingine maganar yaron nan, kanta a ƙasa ta ce to, ta haura ɗakinta ta kulle ƙofa, ta yi kuka har sai da kanta ya yi ciwo.

Abu ɗaya ne Abba bai hana ba, shi ma don bai san da shi ba ne. Wasan da ke cikin wayarta.

Kurmin Dodanni sunan wasan. Mutum zai riƙe waya ya yi ta yawo a gari yana farautar wasu ƙananan halittu da ba a ganinsu sai ta fuskar wayar, wani a gindin bishiya, wani a bakin ruwa, wani ma a tsakiyar tashar mota. In ya kama sai ya raine su, ya sa musu suna, ya kai su fagen karo da na wasu. A wajen wannan farautar ta haɗu da Usaini bara, a bakin tafkin Jabi, ranar da yayanta Abdulbaƙi ya ja ta zuwa taron 'yan wasan. Dogo ne siriri, ɗan Fulanin wata ruga da ke bayan Nyanya. Ya yi difloma a kan lafiyar dabbobi, yana duba shanu a kara, kasuwar dabbobi. Ita kuwa 'yar darakta ce a ma'aikatar tarayya, tana aiki a wani babban kemis a Wuse. Wannan tazarar ce mutanen gida suka kasa haɗiyewa.

A cikin wasan, aboki yana iya aika wa aboki kyauta sau ɗaya a rana. Babu rubutu a jikinta, sai ɗan hoton wurin da aka tsinto ta. Kullum Khaula ta idar da sallar asuba sai ta tarar da tasa tana jiranta. Yau wata tsohuwar tsamiya, gobe ƙofar kara, jibi wata gadar katako a kan rafi. Ba ta taɓa mayar masa ba, don a ganinta hakan magana ce. Buɗewa kawai take yi, ta san wasan zai nuna masa an buɗe.

Takan daɗe tana kallon hoton har ɗakin ya ɓace mata. Sai ta ga kanta tsaye a gindin tsamiyar nan da mayafinta ruwan toka, ciyawa tana jiƙa mata ƙafa, shi kuma yana tahowa daga nesa da sanda a kafaɗa, bai yi sauri ba, don ya san ba inda za ta je.

Ranar Asabar ɗin nan an tashi da ruwa a unguwarsu ta Kado, irin yayyafin da ba ya ƙarfi kuma ba ya tsayawa. Tana kwance ta jawo wayar, sai ta ga wasan ya sauya kama. Sanarwa ce ta cika fuskar wayar: an kawo sabon tsari, karon uku-uku.

Tashi ta yi zaune tana karantawa a hankali. Daga yanzu ba mutum ɗaya zai shiga gasa shi kaɗai ba. Mutum uku za su haɗu su zama ƙungiya, kowa ya kawo dodonsa guda. Dole su kasance wuri ɗaya lokacin karon, tsakaninsu kada ya wuce taku hamsin. Mako takwas za a yi ana bugawa, ran Asabar da yamma. Ƙungiyar da ɗaya daga cikinta ya kasa zuwa ko sau ɗaya, an cire ta. Wanda ya karɓi gayyata kuma ya karɓa ke nan, ba sauyi sai kakar wasan ta ƙare. Gobe Lahadi ƙarfe shida na yamma za a rufe rajista.

A ƙasan sanarwar akwai gayyata biyu.

Ta farko daga Ameer, wanda mutanen gida suke so ta aura, sunan ƙungiyarsa Zakunan Maitama.

Ta biyun ce ta sa ta dafe ƙirji. Daga Usaini. Sunan da ya sa wa ƙungiyar shi ne Raɓa da Danejo. Raɓa tata ce, 'yar mitsitsiyar halittar ruwa mai fukafukai kamar ganyen zogale. Danejo nasa ne, fari ƙal mai dogayen ƙaho, mai tafiyar ƙasaita.

Ƙofar aka turo ba sallama. Abdulbaƙi ne, da wayarsa a hannu.

"Kin gani? Su duka biyun ni suka sa na uku. Shi kuma wancan ko kunya babu, Raɓa da Danejo. Ni fa? Tartsatsina ba dodo ba ne?"

Dariya ta so yi, sai hawaye suka riga ta.

"Yaya, wacce za ka karɓa?"

"Wadda kika karɓa. Amma ki sani, Khaula, in kika danna ta Usaini, Asabar takwas ke nan kuna tsaye wuri ɗaya. Wannan ba abin da za a ɓoye wa Abba ba ne. Ni dai ba da ni za a yi ɓoyon ba."

Ya ja mata ƙofar ya fita.

*

A kicin ta sami Mami tana gyaran tarwaɗar da aka kawo daga kasuwar kifi, ƙamshin citta da masoro ya cika ko'ina.

"Sannu da aiki, Mami. Baƙi za mu yi?"

"Ameer zai zo cin abincin rana. Ki je ki sa kaya masu kyau, ki daina yawo da idanu kamar wadda aka yi wa rasuwa."

Khaula ta ɗauki wuƙa ta fara yanka albasa, ko don hawayen su sami abin fakewa.

"Mami, ni fa ban taɓa cewa Ameer yana da aibu ba."

"To mene ne?"

"Zuciyata ce ba ta wurinsa."

Mami ta ajiye kifin, ta wanke hannu, ta juyo ta jingina da kantar kicin. Muryarta ba ta faɗa ba ce, abin da ya fi karya wa Khaula gwiwa ke nan.

"Zauna ki ji. Ni ma ban ce yaron nan mutumin banza ba ne. Ranar da ya zo gaishe mu har ƙasa ya durƙusa, na ga tarbiyya. Amma ke kin san gida nawa na zauna kafin wannan? Tara. Yola, Minna, Lakwaja, duk inda aka jefa Abbanku sai in ɗaure kaya. Ke a gida na shida na haife ki, kwanonina rabi suna cikin kwali. Shekara goma sha bakwai ban dasa ko bishiyar lemo ba, don na san ba zan sha ba. Kuma wannan aikin gwamnati ne, da mota da albashi. Shi fa? Duk inda shanu suka juya nan zai juya. Ina zai ajiye min ke?"

"Yana da aikinsa, Mami. Yana neman ɗaki a Karu."

"Yana nema." Mami ta girgiza kai, idonta ya kawo ruwa. "Ke kaɗai ce mace a ɗakina, Khaula. Ina so in san ƙofar da zan ƙwanƙwasa in na yi kewarki. Laifi ne?"

Khaula ta saki wuƙar ta faɗa jikinta. Suka daɗe a haka, kowacce tana kukan abin da ya dame ta, tukunya tana tafasa a bayansu.

*

Ƙarfe biyu Ameer ya iso cikin farar shadda, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga falo. Ɗan aminin Abba ne, yana aiki a wata hukumar tarayya, mai fara'a da iya magana. Bayan an ci abinci Mami ta tattara kwanuka ta ba su wuri.

Wayarsa ya zaro ya nuna mata wani jan dodo mai kan zaki, wuta tana fita daga gashin wuyansa.

"Kin san wata biyu da suka wuce ko sunan wasan nan ban sani ba? Saboda ke na koya. Yaran ofis har dariya suke min, wai oga ya koma yaro. Wannan da kike gani, babu irinsa uku a Abuja."

"Yana da kyau," ta ce. "Me ka sa masa suna?"

"Suna kuma? Ai da sunansa ya zo."

Ta yi murmushi kawai.

"Kin ga gayyatata?"

"Na gani."

"Na san ba ita kaɗai ba ce." Ya ajiye wayar a kan tebur, fara'ar ta ragu a fuskarsa. "Khaula, zan faɗa miki wata magana, ki ɗauke ta yadda kika ga dama. Wallahi na yi ta juya ta a raina, don na san za ki ce kishi ne. Wataƙila ma da kishin a ciki. Filin da rugarsu take, an ba wani kamfani zai gina gidaje. Abokina yana aiki da su. An ba su wa'adi tun watan jiya, kuma sun amince za su tashi. Usaini barin gari zai yi."

Ji ta yi kamar an zare ƙasan kujerar.

"Ba gaskiya ba ne. Da ya faɗa min."

"Ta ina zai faɗa miki? Kuma ko da hanya, kina ganin zai faɗa?" Ya miƙe yana gyara hula. "Ni ina nan, Khaula. Bara ina nan, baɗi ma in Allah ya kai mu ina nan. Abin da nake da shi ke nan da zan ba ki."

Har ya fita ba ta iya ɗaga kai ba.

*

Washegari da hantsi ta sami Abba a baranda yana karanta jarida, gilashinsa a kan karan hanci. Ta durƙusa a gefen kujerarsa.

"Abba, alfarma na zo nema."

"Ina jin ki."

"Na riƙe maganarka, ban kira shi ba, ban rubuta masa ba. Amma na ji wani labari a kansa, kuma ba na so in yanke masa hukunci da bakin wani. Ka ba ni izini in gan shi sau ɗaya. Da Yaya za mu je."

Abba ya naɗe jaridar, ya daɗe yana kallonta ta saman gilashin.

"Da kin so ki je a ɓoye, da kin je, ko?"

"Da na je, Abba."

"Shi ya sa zan bar ki. Bayan la'asar. Magariba ta same ku a gidan nan."

*

Ruwa ya ɗauke, sararin sama ya wanku. Tafkin Jabi ya kwanta lumui, hasken yamma yana rawa a kansa. Ko'ina matasa ne uku-uku, kawuna a haɗe a kan waya, ana ta gardamar wane dodo zai shiga gaba.

Abdulbaƙi ne ya kira Usaini ya gaya masa inda za a haɗu. Tun daga nesa ta hango shi a ƙarƙashin wata bishiya, cikin shuɗin yadin da ta sani. Ya rame. Da ya gan su ya taho ya ba Abdulbaƙi hannu biyu.

"Yaya, na gode."

"Kada ka gode min, ni direba ne yau. Ga ni can a kan benci, ina ganinku." Ya nuna agogo. "Biyar da kwata yanzu."

Suka tsaya, taku uku a tsakaninsu. Duk maganganun da ta tara na kwana ashirin da huɗu suka watse.

"Ranki ya daɗe," ya ce a hankali. "Kin wuni lafiya?"

Muryar ce ta karya ta. Ta juya fuska wajen ruwa tana goge ido da bakin mayafi.

"Da gaske ne za ku tashi?"

Bai tambayi wanda ya faɗa mata ba. Kansa ya sunkuyar.

"Da gaske ne. Wajen Doma za mu koma, can dangin Inna suke."

"Yaushe?"

"Laraba da asuba."

"Larabar nan? Nan da kwana uku?" Ta juyo gaba ɗaya. "Usaini, kullum kana aiko min da tsamiya da gada, ashe sallama kake yi da su? Ni kuma ina nan ina kallo ina gina gida a gindinsu?"

"Na so ki gan su kafin a sare."

"Ka san da maganar tun kafin Abba ya hana mu magana?"

Ya gyaɗa kai.

"Kwana huɗu kafin nan," ya ce. "Na ga abin da kike fama da shi a gida. Na ce in na ƙara miki wannan, ina za ki sa kanki? Mahaifina Baffa gwiwarsa ta ƙi, ba zai iya bin shanu ba. Ni ne babba. Shanu ɗari da arba'in, Khaula, ba nawa ba ne ni kaɗai, abincin gida huɗu ne. In na ce ba zan je ba, da wane ido zan kalli Inna?"

"To gayyatar fa? Don me ka aiko min da abin da ka san ba za ka iya ba?"

"Wa ya ce ba zan iya ba?" Ya ɗago, idonsa ya yi ja amma muryarsa ba ta rawa. "Na lissafa. Daga Doma zuwa Lafiya, Lafiya zuwa Akwanga, in biyo ta Keffi in sauka Nyanya. In na fito bayan asuba, la'asar a nan za ta same ni ko da go-sulo. Ranar tashi ce kawai ba zan iya motsawa ba, don ranar za mu tsallaka babban titi da rafi, kuma muryata kaɗai shanun suke bi. Amma zuwa Asabar mun yi nisa, ƙanin Baffa zai riƙe min su na yini ɗaya. Asabar takwas. In na kai su na zaunar, na samo wanda zai kula, zan dawo bakin aikina. Ban san wata hanyar da zan gan ki ba tare da na sa kin saɓa wa Abba a ɓoye ba. Wannan ko ba komai a fili ne, ga Yaya a tsakani."

Wani jirgin ruwa ya wuce da yara suna ihu, igiyar ruwan ta zo ta daki bakin gaɓa ta koma.

Abdulbaƙi ya taso yana karkaɗa waya.

"Kun ga, kukan nan ba zai ƙare ba. Akwai karon gwaji, ba sai an yi rajista ba. Mu buga ɗaya mu gani ko ma ƙungiyar za ta yi tsiya. Shida saura ashirin da biyar."

Suka tsaya kafaɗa kusa da kafaɗa, Abdulbaƙi a tsakiya. Suka ɗaga wayoyin wajen tafkin.

A fuskar waya ruwan ya buɗe, wani fage mai haske ya taso daga cikinsa. Tartsatsi ya fara dira yana tsalle-tsalle, jikinsa yana walƙiya. Raɓa ta sauko a hankali kamar ana saukar da ita da zare. Sai Danejo ya fito daga hazo, ƙahonsa har suna taɓa gajimare. Khaula ta manta da mutanen da ke kewaye. Gani take kamar ita ce a tsaye a kan ruwan nan, ƙafarta ba ta nutsewa, iska tana ɗaga mayafinta, farin inuwar Danejo a gefenta.

Abokan karonsu wasu ne daga Durumi, dodanninsu baƙaƙe masu jifa da duwatsu. A sabon tsarin, ɗan ƙungiya yana iya shiga gaban ɗan'uwansa ya karɓi duka a madadinsa. Dutsen farko da aka jefo wa Raɓa, Danejo ya sha gabanta. Na biyu ma haka. Na uku ma.

"Kai, Usaini, kai hari mana!" in ji Abdulbaƙi. "Ni kaɗai nake faɗa!"

Raɓa ta tara ruwanta za ta watsa, amma duk inda ta juya faffaɗan bayan Danejo ne a gabanta, ba ta ganin abokan gaba. A dutse na biyar Danejo ya durƙusa ya narke ya zama haske. Ba a yi minti ɗaya ba aka gama da sauran biyun.

Abdulbaƙi ya sauke waya cikin takaici.

"Wannan ai ba ƙungiya ba ce, gadi ne. Malam, in haka za ka yi ka bar ni in koma wajen mai zaki."

Khaula ba ta yi dariya ba. Kallon Usaini take.

"Ka ga abin da ka yi? Da ka matsa, da na ci su. Ina da abin da zan jefa, kai ka tare min hanya."

"Tsoro na ji kada a..."

"Na sani. Haka ka yi min da maganar tashinku. Ka tsaya a gabana ka shanye kai kaɗai, ni kuma ina bayanka ban san me ke tahowa ba, sai a bakin Ameer na ji. Ka san yadda na ji kuwa?" Hawaye suna zuba amma ba ta share ba. "In za mu yi, ka daina kare ni da ɓoyo. Ka faɗa min komai, mai daɗi da marar daɗi. Ka yi min wannan alkawarin."

Ya ɗago ya dube ta.

"Na yi miki, Khaula. Allah ne shaida, ga Yaya."

Shida saura minti tara. Ta buɗe gayyatar Ameer, ta tsaya a kanta ɗan lokaci, don ta san bai cancanci wulaƙanci ba. Ta danna a'a. Sannan ta buɗe ɗayar, ta yi bismilla, ta danna.

Abdulbaƙi ya yi tsaki ya danna tasa. "Allah ya sa Abba kada ya kore mu mu duka."

*

Ana kiran magariba suka shigo gida. Bayan an dawo daga masallaci Abba ya aika a kira ta. Mami tana zaune a gefe, hannu a haɓa.

"Kin gan shi?"

"Na gan shi, Abba."

"Kun yi sallama?"

Ta gyara durƙuso.

"A'a, Abba. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Ta kwashe komai ta faɗa masa. Kyautar kullum, tashin rugar, sabon tsarin wasan, hanyar Doma zuwa Nyanya, da abin da ta danna da hannunta. Mami ta rafka salati.

"Kin ji ko, Alhaji? Abin da nake gudu ke nan. Tun ba a je ko'ina ba ya fara ɗaure kaya."

Abba ya ɗaga mata hannu. Ya cire gilashinsa yana gogewa da bakin riga.

"Izinin gani na ba ki, Khaula, ban ba ki izinin ƙulla wani abu ba. Wannan kin yi gaban kanki, kuma ban ji daɗi ba."

"Ka yi haƙuri, Abba."

"Ni ban san dodo ba, ban san kurmi ba, kuma ba zan aurar da 'yata a kan wasan waya ba. Amma na san hanyar Akwanga da damina. Mutumin da zai biyo ta sau takwas, ya zo a kan lokaci, ya koma ga iyayensa bai yasar da su ba, wannan zan so in zauna da shi in ji ta bakinsa." Ya mayar da gilashin. "Ga sharaɗina. Duk ranar da aka sa muku wasan nan, yayanki zai kai ki ya dawo da ke. In yaron ya cika duka, ya turo manyansa. In ya saɓa ko sau ɗaya, ko da wane dalili ne, ba na son in ƙara jin sunansa a gidan nan. Ki buɗe kunne ki saurari Ameer da zuciya ɗaya. Ba dole zan yi miki ba, alkawari nake nema. Kin yarda?"

"Ko da wane dalili, Abba?"

"Ko da wane dalili. Rayuwar aure cike take da dalilai."

Ta tuna idon Usaini lokacin da yake jero sunayen garuruwan nan ɗaya bayan ɗaya. Wani sanyi ya ratsa ta, har ta ji kamar ta ga motar tana shigowa tashar Nyanya, shi yana saukowa da ƙurar hanya a kafaɗarsa.

"Na yarda, Abba. Na yi alkawari."

"Hajiya, kin ji. Ke ce shaida."

Mami ta kawar da kai. "Na ji."

Khaula tana shirin miƙewa wayar ta yi ƙara a cikin mayafinta. A daidai lokacin Abdulbaƙi ya shigo falon da sauri, ko sallama bai ƙarasa ba, fuskarsa ta sauya.

"Khaula, duba wayarki."

Ta zaro ta. An rufe rajista, an fitar da jadawali. A saman shafin, cikin ruwan zinariya, an rubuta musu barka: a cikin ƙungiyoyin Abuja duka, ƙuri'a ta faɗa kan guda biyu da za su buga wasan buɗe kaka, kafin kowa ya fara.

Raɓa da Danejo za su kara da Zakunan Maitama. Ashe Ameer ya cike ƙungiyarsa da wasu kafin a rufe.

Ranar Laraba, ƙarfe biyar na yamma.

Ta karanta sau biyu, ta sake karantawa. Ko harafi bai sauya ba.

"Lafiya?" in ji Abba. "An sa muku ranar farko ke nan? Yaushe ce?"

Khaula ta buɗe baki. Ta dubi Yaya, Yaya ya dubi ƙasa.

"Laraba ce, Abba."

Abba ya jawo 'yar kalandar da ke kan tebur, ya zare biro daga aljihu, ya zagaye ranar.

"To, Allah ya kai mu," ya ce.